Wasannin mantuwa: me ya sa ɗan wasa ke cewa "gem ɗin ya lalace"?

Sagir Mai Gem:
Assalamu alaikum. Ina so masana su warware mana wani abu. In ka bi sharhin da 'yan wasa ke rubutawa a ƙarƙashin ƙananan wasannin labari masu jigon mantuwa, musamman na gwaji da ake sakawa a shagunan wasanni na intanet irin su itch.io da Steam, za ka tarar baki ya rabu uku. Wani ya ce wasan ya sa shi kuka. Wani ya ce babu wasa a ciki, yawo ne kawai a cikin gida ana taɓa kaya. Na ukun ne ya fi ɗaure min kai: ya ce gem ɗin ya lalace, ya ajiye makulli a kan tebur ya juyo babu shi, ƙofar da ya buɗe ɗazu ta koma bango, don haka a mayar masa da kuɗinsa. Alhali mai wasan da gangan ya yi, mantuwar ce yake so a ɗanɗana. To laifin wa?

Injiniya Auwal:
Wa alaikumus salam Malam Sagir. Na mai ƙira ne, kusan kullum. Jarumin labarin ne ke da ciwon, wanda ke riƙe da linzami kuwa ƙwaƙwalwarsa garau take. Ba ka da ikon goge abin da ke kansa, sai dai abin da ke kan allo, kuma ido biyu yake kallonka kana gogewa.

Tsohuwar dabara ita ce a fara labari jarumi bai san kansa ba, kamar Planescape: Torment na 1999, da Amnesia: The Dark Descent na 2010, da Disco Elysium na 2019. Wannan ba ya jawo ƙorafi, domin jarumi da ɗan wasa duk a duhu suka faro, tare suke ganowa. Amma wannan rashin sani ne, ba mantuwa ba. Mantuwa ita ce ka san abu sannan ya kuɓuce maka. Da zarar mai ƙira ya ce wannan zai yi, dole ya karɓe abin da ya riga ya ba ɗan wasa, kuma duk wasannin da mutum ya taɓa bugawa sun koya masa cewa in kaya ya ɓace ba dalili, manhaja ce ta yi tangarɗa.

Dakta Zainab:
Bari in sa baki ta ɓangaren asibiti, domin yawancin wasannin nan ciwon da suke nunawa ba shi ne wanda aka fi gani ba. Mutumin da ya manta sunansa da tarihinsa gaba ɗaya amma yana haddace duk sabon abu daram, da wuya a same shi. Abin da aka fi sani akasin haka ne: tsohon tunani na nan, sabon ne ba ya zama. Henry Molaison, wanda aka yi wa aiki a ƙwaƙwalwa a 1953 saboda farfaɗiya aka cire masa yawancin hifokamfas, sashen ƙwaƙwalwa mai taimakawa wajen adana sabon tunani, na ɓangarori biyu, ya san ko shi wane ne, yana hira lafiya lau, amma da hankalinsa ya juya ga wani abu, hirar ta tafi. A ciwon Alzheimer ma na baya-bayan nan ke fara zubewa, na ƙuruciya ya daɗe. Tun 1881 masanin halayyar ɗan Adam Bafaranshe, Ribot, ya bayyana wannan tsari.

Akwai kuma abin da masu ƙira ke sakaci da shi. Mai binciken ƙwaƙwalwa Brenda Milner ta sa Molaison ya riƙa bin zanen tauraro yana kallon hannunsa ta madubi. Kwana uku yana ƙara ƙwarewa, amma kullum sai ya ce bai taɓa yi ba. Hannu ya koya, kai bai riƙe ba. Saboda haka wasan da ke canza wa ɗan wasa maɓallai a tsakiya wai don "ya manta yadda ake tafiya" ya saɓa wa ilimi, kuma ya ɓata wa mutum rai a banza.

Hadiza Marubuciya:
Likita kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. A ganina wannan giɓin da Injiniya ke kira matsala shi ne jarin marubuci. Misali, ɗan wasa ya san matar da ta shigo 'yar jarumin ce, tunda ya gan ta sau huɗu. Amma zaɓin maganar da aka jera masa guda uku ne kacal, kuma duk na baƙuwa ne: sannu baiwar Allah, wa kike nema, ko kin yi ɓatan hanya. Yana neman sunanta a jerin, babu. Ba a ɗauke masa makulli ba, ba a yaudare shi ba, amma an ɗaure masa harshe. Wannan ya fi ɓacewar kaya zafi nesa ba kusa ba, kuma babu mai cewa gem ya lalace.

Injiniya Auwal:
Na yarda, amma ba za a gina awa ɗaya a kan jerin zaɓi kaɗai ba. Dole ɗaki ya canza. Tunda nan ne aka fi yin ɓarna, ga yadda ake yi da inda yake karyewa.

Ka'ida ta farko, ba a musanya abu yana cikin ganin kyamara. A Unity, injin ƙera wasanni, masu koyo kan dogara da OnBecameInvisible, sanarwar da injin ke bayarwa in abu ya daina ganuwa, sai su ga ba ya aiki yadda suka zata. Dalili: injin yana ɗaukar abu a matsayin ana ganinsa muddin inuwarsa na faɗawa kan allo, kuma in kana gwaji a cikin editan, kyamarar tagar aiki ma ana lissafa ta. Sai ka ga a wurinka kofi bai ɓace ba, a wurin ɗan wasa ya ɓace. Ya fi aminci ka gwada da kanka ko akwatin da ya kewaye abin yana cikin filin ganin kyamarar ɗan wasa, ka ƙara jinkiri na kamar daƙiƙa biyu, da sharaɗin nisa na mita biyu zuwa uku. In babu jinkirin, wanda ya waiga da sauri zai kama abin yana ƙiftawa, shi ke nan asiri ya tonu.

Ta biyu, kada ka taɓa abin da ke hannunsa ko wanda ci gaban labari ya rataya a kai. In makullin ƙofa ɗaya tilo ya koma ɗakin da ke bayan wannan ƙofar, ka kulle mutum har abada. Wannan kam tangarɗa ce ta gaske, ko da niyyar kirki aka yi ta.

Nura 3D:
Ƙari kan maganar Injiniya: haske. Ƙananan wasanni da yawa suna lissafa haske da inuwa tun kafin wasa su manna a jikin bango da ƙasa, don a rage wa na'ura nauyi. Ka cire kujerar da aka lissafa da ita, inuwarta na nan kwance a ƙasa. Duk abin da zai motsa a ware shi daga wannan lissafin tun farko. Haka taswirar tafiya ta mutanen cikin wasan: ka mayar da ƙofa bango ba ka sabunta ta ba, sai ka ga 'yar jarumi ta ratsa bango ta wuce. Madubi ma kyamara ce ta biyu, abin da ke bayan ɗan wasa yana gabansa a madubi.

Ko da yake inuwar kujerar da babu ita, in da gangan aka bar ta a wuri ɗaya tak, abin tsoro ce mai kyau.

Sagir Mai Gem:
To amma akwai ƙorafin da ya yi hannun riga da wannan. Wasu na cewa ba su ga wani abu ya canza ba har suka gama.

Dakta Zainab:
Wannan ba abin mamaki ba ne. A gwajin Simons da Levin na 1998, wani ya tsayar da mai wucewa yana tambayar hanya, aka ratsa tsakaninsu da ƙyauren ƙofa, aka musanya mai tambayar da wani mutum daban. Kusan rabi ba su lura ba. In mutum sukutum ya canza ba a gani ba, ina ga launin labule? Ido ba ya ajiye hoton ɗaki, abin da aka yi hulɗa da shi kawai yake riƙewa.

Injiniya Auwal:
Shi ya sa ake canza abin da ɗan wasa ya taɓa da hannunsa, ba kayan ado ba. Ka sa shi ya rataye hoto da kansa, ko ya cika kofi, sannan ka canza wannan. Abu ɗaya a kowane ɗaki, in ya yi yawa biyu. Abin da mutum ke iya riƙewa a kai lokaci guda bai wuce guda huɗu ba ko kusa da haka, in ka canza goma ba mantuwa zai ji ba, hargitsi zai gani.

Sai babbar maganata: kowane canji na gangan ya zo da tambarinsa. Ƙaramin sauti iri ɗaya, ko dusashewar launi na rabin daƙiƙa. A koyar da shi sau uku a minti goma na farko. Na farko a gaban idonsa, na biyu a gefen allo, na uku a bayansa. Daga nan duk abin da ya ɓace da wannan sautin ya san labari ne. Eternal Darkness na 2002 ya yi wa mutane ƙarya har da nuna musu kamar ana goge ajiyarsu da rage ƙarar talabijin, amma akwai ma'aunin hankali a wasan, kuma bayan kowace ƙarya sai haske ya walƙa a dawo da kai daidai. An tsorata mutum, ba a bar shi cikin shakkar na'urarsa ba.

Hadiza Marubuciya:
A nan muka rabu Injiniya. Mai ciwon nan wa ke kaɗa masa ƙararrawa? Abin da ke cinye shi ai shi ne rashin tabbas: ni na ajiye a can, ko wani ya ɗauke? In ka sa tambari ka mayar da ciwo wasan nemo bambanci. Ɗan wasa ya ji sauti, ya waiga, ya gano, ya ji daɗin kansa. An gudu ba a tsira ba. Dubi Before I Forget na 2020, inda jarumar, Sunita, ke neman banɗaki a gidanta tana buɗe ƙofofi suna kai ta inda ba nan ba. Abin da ke aiki a wurin shi ne ɗan wasa ma ya rikice da gaske, yana sauri, yana jin kunyar da za ta biyo baya.

Dakta Zainab:
Ku biyun kowa ya kama wani mataki na ciwon. Da farko mutane da yawa suna jin wani abu na kuɓuce musu, suna ɓoyewa, suna rubuta takardu suna mannawa. Can gaba wannan sanin kan ragu, har mutum ya daina gane yana da matsala, a nan ne ake samun zargin an sace masa kaya. To me zai hana tambarin ya bi wannan hanya? Kashi ɗaya cikin uku na farko a ji shi sarai, na tsakiya ya riƙa zuwa a makare ko can ƙasa-ƙasa, na ƙarshe babu shi sam. Lokacin ɗan wasa ya riga ya amince da wasan, ɓacewar tambarin ita kanta ta zama labari.

Wani abu kuma ga marubuta. A 1911 wani likita mai suna Claparède ya ba da labarin yadda ya ɓoye allura a tafinsa ya gaisa da wata majinyaciya mai mantuwa. Daga baya ta ƙi ba shi hannu, ba ta kuma san dalili ba. Masu bincike a Jami'ar Iowa ma sun nuna a 2010 cewa baƙin ciki ko farin ciki kan zauna wa irin waɗannan majinyata bayan sun manta abin da ya jawo shi. Wato a manhaja kada ku goge komai tare. Ku goge tutar "ya san abin da ya faru", ku bar adadin "yadda yake ji game da wance".

Bilkisu RenPy:
Shawarar Likita ta yi, amma tana da sharaɗi: a gama wasan a zama ɗaya, minti sittin zuwa casa'in. In ya kai awa shida, mutum zai ajiye ya dawo bayan mako, ya manta da gaske, ya faɗo a kashin da babu tambari. Ba zai bambance mantuwarsa da ta jarumi ba. Gajarta kuma na da nata haɗarin, tunda Steam na mayar da kuɗi in ba a kai awa biyu ana wasa ba cikin kwana 14 da saye. Wanda ya fusata a minti na arba'in hanya a buɗe take.

Ga masu aiki da Ren'Py, manhajar ƙera wasannin labari, abubuwa uku ne ke tona asiri. Akwai komawa baya: ɗan wasa ya murza linzami ya ga ainihin abin da aka faɗa. Ana toshewa da renpy.block_rollback, amma a wuraren canji kawai, in ka toshe ko'ina mutane za su yi ƙorafi da gaskiyarsu. Akwai shafin tarihin magana, wanda a tsarin da ake farawa da shi yake riƙe layi 250. Ko ka gajarta shi, ko ka sake rubuta abin da ke ciki ya dace da abin da jarumi ke tunawa. Na uku shi ne wanda aka fi mantawa: maɓallin tsallake yana wuce layin da aka taɓa karantawa ne kawai. Ka maimaita hira ka canza layi ɗaya, sai tsallaken ya ci birki daidai kan layin, kamar ka nuna shi da yatsa.

In kuma kana zaɓen abin da zai ɓace ta hanyar ƙuri'a, yi amfani da renpy.random saboda komawa baya, kuma ka adana lambar ƙuri'ar a cikin ajiya. In ba haka ba kowace lodawa da nata sakamakon, mutum biyu su yi ta musu a intanet kowa da gaskiyarsa, kai ma ka kasa maimaita matsalar da aka kawo maka.

Sagir Mai Gem:
Fayil ɗin ajiya fa? Na ga masu cewa wasan mantuwa na gaskiya shi ne wanda zai goge ajiyarka.

Injiniya Auwal:
Kul. Nier na 2010 ya goge, amma sai da ya tambaya ya sake tambaya, a ƙarshen wasa, kuma ɗan wasa ne ya zaɓa. Hellblade na 2017 ya yi barazanar gogewa, daga baya aka gano ba ya gogewa, duk da haka sai da aka yi ta cece-kuce. Lokacin mutum ba naka ba ne.

Yadda ya dace: ajiya hawa biyu. Hawa na ƙasa shi ne gaskiya, duk abin da ya faru, ba a taɓa shi. Na sama shi ne abin da jarumi ke tunawa, shi ake gutsura, shi ake nunawa. A rubuta sabon fayil da suna na wucin gadi, in ya kammala a sauya masa suna, don kada ɗaukewar wuta ta bar rabin fayil. Masu goge fayil da gaske kuma su sani Steam Cloud, ma'ajiyar Steam ta intanet, na iya dawo da tsohon daga wata na'ura ko ya fito da saƙon saɓani, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Hadiza Marubuciya:
Kan rubutu, don Allah a daina goge haruffa barkatai. Ba haka kalma ke ɓata ba, kuma manhajar karanta allo ta makafi ba za ta iya furta shi ba. Sunaye ke fara tafiya, ginin jimla na nan. "Miƙo min almakashi" ya koma "miƙo min abin yankan nan", can gaba ya koma "miƙo min abin nan". A yi wa kowane muhimmin suna siga uku a tebur, a ɗaura su kan matakin ciwo. Sunaye talatin zuwa arba'in sun ishi wasan awa ɗaya. Masu fassara kuma su kula: a Hausa ko ka cire suna, "ta zo" da "ya zo" sun riga sun faɗi jinsi, dole a rubuta sigogin da hannu, musanya ta atomatik ba za ta yi ba.

Maryam Gwaji:
Duk wannan sai an gwada a kan mutane. Mutum shida zuwa takwas da ba su san jigon ba. A naɗi allo da murya. Manhaja ta riƙa rubuta kowane canji na gangan da lokacinsa a fayil, don in wani ya ce "ya lalace" a minti na 23, a duba a ga ko akwai canji a wurin. In akwai, tambarin ne bai isa ba. In babu, tangarɗa ce ta gaske, kuma irin wasan nan maɓoyarta ce, domin mai gwaji kan ɗauka da gangan ne ya yi shiru. Kada a tambaye shi "ka lura hoton ya canza?", ka riga ka ba shi amsa. A ce "faɗa min abin da ya faru a ɗakin nan". In biyu cikin takwas sun kira wuri ɗaya tangarɗa, a gyara wurin, ba a yi musu bayani ba, tunda ranar da wasa ya fita ba ka tsaye a bayan kowa.

Dishi-dishin allo da karkaɗa kyamara kuma a sa musu makashi. Suna sa jiri da tashin zuciya, mantuwa kuwa ba ciwon ido ba ce. Walƙiya kada ta wuce uku a daƙiƙa ɗaya, saboda masu farfaɗiya.

Nura 3D:
Akwai waɗanda suka kauce wa rigimar gaba ɗaya. Before Your Eyes na 2021 kyamara ce ke kallon idonka, ka ƙifta lokaci ya tsallake. Ba wasan ya ƙwace maka ba, jikinka ne ya saki. Sai dai yana son haske mai kyau a ɗaki, in kyamara ta ɗauka ka ƙifta alhali ba ka yi ba, an koma gidan jiya. Ether One na 2014 kuma abu ɗaya tak yake bari ka riƙe, sauran sai ka kai ma'ajiya, ga takardu birjik. Nan ɗan wasa da kansa yake manta inda ya ga me.

Sagir Mai Gem:
To wanda ya ɗauko biro da takarda fa, ko yake ɗaukar hoton allo a kowane ɗaki? Ai ya karya wasan.

Dakta Zainab:
Bai karya ba Malam Sagir, abin da majinyata ke yi ke nan. Clive Wearing, mawaƙin Ingila da ciwon ƙwaƙwalwa ya kama a 1985, ya cika littattafai yana rubuta cewa yanzu ne ya farka, sannan ya soke layin sama domin bai yarda da shi ba, ko da yake ya gane rubutun hannunsa ne. Ku ba ɗan wasa littafi a cikin wasan, ya rubuta da kalmominsa, ya dawo ya tarar jarumi ya ja layi a kai.

Injiniya Auwal:
A soke, amma a bar shi yana karantuwa a ƙarƙashin layin. Ranar da kuka canza kalmar da ɗan wasa ya buga da yatsunsa, ni kam ina layin masu neman kuɗinsu.

Hadiza Marubuciya:
Ni kuwa sau ɗaya zan canza ta, a minti biyar na ƙarshe, kuma sunan 'yar ne.

Bilkisu RenPy:
In za ki yi haka Anti Hadiza, kada ki nemo sunan a cikin rubutunsa, wani zai sa ƙananan haruffa, wani ya yi kuskuren harafi, wani ya rubuta "'yata" kawai, sai musanyar ta wuce ba ta kama komai ba. Ki ba sunan gurbinsa daban tun a shafin farko, ki adana shi shi kaɗai, sauran shafuka su riƙa ɗauko shi daga can.